Radar a bakin katanga: littafin aikin tsaron wata mangaza a Maradi

Talata, 8 ga Afrilu 2025

Wurin yana bakin gari, kan hanyar Ɗan Isa. Fili ne mai tsawon mita 120 da faɗin mita 80, ƙofarsa tana kallon titi ta yamma. A ciki akwai mangaza biyu ta wake, aya da riɗi, da kwantena ɗaya, da ɗakin maigadi a bakin ƙofa. Gefe uku katangar bulo ce, gefen arewa kuwa ragar waya ce kawai, da wata ƴar hanyar ƙafa a bayanta. Gabas gonaki ne, kudu gidan mutane. A hunturun da ya wuce an haura an ɗebi buhuna, shi ya sa mai wurin, wanda zan riƙa kira Alhaji a nan, ya neme ni.

Shi kyamarori ya so a ƙara. Na ce masa kyamara tana nuna maka wanda ya shigo ne in akwai mai kallon allo a daidai lokacin, in babu kuwa sai da safe a zauna kallon abin da ya riga ya wuce. Ana bukatar abin da zai ta da maigadi tun mutum yana gindin katanga.

Ƙananan na'urorin nan masu jin ɗumin jiki ba su dace da fili a garinmu ba. Bambancin zafin mutum da na abin da ke bayansa suke dubawa. Jikin mutum digiri 37 ne, a Afrilu kuwa zafin Maradi yakan haura 40, katanga da kwano kuma suna riƙe zafin har dare ya yi nisa. Masu harba siririn hasken da ido ba ya gani daga turke zuwa turke su ma suna da nasu ciwon: ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashinsu, su kama kuka ba dalili. Radar ba ruwanta da duhu, ba ruwanta da zafin katanga, hazo ma bai cika damunta ba. Sai dai tana da abubuwan da ke ruɗa ta, kuma galibinsu inda aka kafa ta da inda aka fuskantar da ita ne ke jawo su. Don haka na roƙi Alhaji kada a sayi komai sai na gama awon fili.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na gama zana taswirar wurin, kowace bishiya da kowane ƙarfe na sa shi a mazauninsa. Na'urorin radar da muka tsayar irin masu aiki a zangon rediyo na 24 GHz ne. Na ce wa mai shigo da kayan ya tabbatar samfurin yana cikin waɗanda hukumar ARCEP ta amince da su, tunda ita ke kula da zangon rediyo a ƙasar nan.

Abu uku ne suka yanke mini wuraren kafawa, kuma duka daga yadda na'urar take gani suka fito.

Radar tana aika igiyar rediyo, ta saurari abin da ya dawo. Daga jinkirin dawowar take gane nisa, daga sauyin da motsi ya yi wa igiyar take gane gudu. Wannan sauyin shi ne abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842, kuma duk wanda ya tsaya bakin titi ya san shi: hon ɗin mota yakan yi sama in tana tahowa, ya sauka in ta wuce. A 24 GHz tsawon igiya kusan santimita 1.25 ne, saboda haka mai tahowa kai tsaye da gudun mita ɗaya a daƙiƙa yana kawo sauyin kusan Hz 160. Amma mai gilmawa ta gaban na'urar, ba ya matsowa ba ya nisanta, sauyin da yake kawowa kaɗan ne ƙwarai. To ɓarawo in ya diro daga katanga, ƙofar mangaza zai nufa. In na kafa radar a kusurwa tana kallon tsawon katangar, gilma mata zai yi. Dole kowace hanyar da mutum zai iya bi ta kasance a idon radar biyu daga ɓangarori daban, ta yadda wanda ya gilma wa ɗaya, ɗayar yake tunkara.

Na biyu nisa ne. Ƙarfin abin da ke dawowa yana raguwa da sauri fiye da yadda mutum zai zata: in nisa ya ninka biyu, amsar takan ragu sau 16. Takardar na'urar ta ce tana ganin mutum har mita 60, amma wannan mutum ne a tsaye, a sarari, yana tahowa. Mai rarrafe labarinsa daban. Ni a lissafina mita 40 na ba kowace.

Na uku, wannan zangon faɗinsa MHz 250 ne, abin da ke nufin abu biyu da tazararsu ba ta kai santimita 60 ba za su iya zame mata abu guda ta fuskar nisa. Mutumin da ya lafe jikin kwantena yana tafiya a hankali, amsar ƙarfen mai ƙarfi tana iya danne tasa. Na sa wa lungun da ke tsakanin kwantenar da katangar gabas jan alama.

Radar huɗu suka fito a lissafin. Alhaji ya tambaya ko biyu ba za su isa ba. Na ce: “Alhaji, biyu za su yi kuka, amma ba zan iya ce muku ku kwanta da kwanciyar hankali a kansu ba.” Ya yi shiru, sannan ya ce a yi huɗun.

Asabar, 3 ga Mayu

An kafa turaku. Bututun ƙarfe ne mai kauri, mai walda ya yi masa faranti a ƙasa, aka zuba kankare mai zurfin mita ɗaya saboda ƙasar wurin rairayi ce. Ban yarda da siririn bututu ba ko da ya fi araha. In turke ya girgiza, a wajen radar filin ne gaba ɗaya ya motsa. Saboda wannan dalilin ban maƙala ko ɗaya a jikin kwanon mangaza ba, ko da yake hakan zai rage mana waya.

Tsayi mita 3.5. In aka ɗaga fiye da haka tana hango nesa, amma makantar da ke gindinta tana faɗaɗa. In aka sauke, hannu zai kai gare ta, kuma kowane ɗan tudu zai yi mata inuwa. A wannan tsayin kusan mita 3 na gindin turke ba ta ganinsu. Shi ya sa na jera su yadda kowace take gadin gindin ƴar uwarta. Amma ban bar biyu suna kallon juna ido da ido ba, kuma kowace na ba ta tasharta, don kada igiyar ɗaya ta shiga kunnen ɗaya.

Waya ɗaya ce ke kai musu wuta da bayani, iyakarta kuma mita 100. Kusurwar arewa maso gabas ta zarce haka daga ɗakin maigadi, sai muka ja wayar gilashi zuwa wani ƙaramin akwati a tsakiyar fili, daga nan muka raba. Wayar gilashi ba ta ɗaukar tsawa, wannan ma riba ce.

Wuta kuwa sola ce da batir tun farko. Duk wanda ya zauna garin nan bayan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kayan duka suna cin kusan wat 120, wato kusan kilowat-awa 3 a yini da dare. A kan haka na auna batir, da rarar yini guda na hadari.

Laraba, 14 ga Mayu

Gwajin tafiya, da dare, bayan sallar isha'i. Yaron aikina yana tafiya, ni ina kan allo, muna magana ta waya. Ya bi jikin katanga, ya gilma, ya ruga, ya sunkuya, ya rarrafa, ya tsaya cik ya sake motsawa. Duk inda alamarsa ta ɓace na sa a buga fegi a ƙasa.

Wuri biyu suka ba da matsala. A lungun kwantena, kamar yadda taswira ta nuna, mai rarrafe yana ɓacewa na kusan mita 6. Juya radar ta uku da digiri kaɗan ya rage ramin, bai rufe shi ba. Na ce wa Alhaji a ja kwantenar ta manne da katanga, lungun ya mutu gaba ɗaya. Kuɗin hayar mota mai ɗagawa bai kai rabin kuɗin radar ta biyar ba.

Na biyun ya fi ɗaure kai ga wanda bai saba ba. Yaron yana tafiya shi kaɗai a gaban babbar mangaza, allo yana nuna mutum biyu, na biyun a cikin mangazar da ke kulle. Bangon kwano ne ke mayar da igiyar: tana dukan yaron, ta daki kwanon, ta dawo ta hanya mai tsawo, sai na'urar ta lissafa wani mutum a bayan bangon. Maganinsa shi ne a zana mata iyakar da za ta kula da ita, a cire cikin ginin daga taswirarta. Amma na yi kaffa-kaffa wajen zanawa. Duk wurin da ka ce mata kada ta kula, ka buɗe ƙofa ke nan ga wanda ya san wurin. Na tsayar da layin daidai jikin kwano, ban bar ko taku ɗaya a waje ba.

Ta arewa kuma ragar waya ba ta tare igiyar sosai, don haka masu wucewa a hanyar ƙafa suna fitowa a allo. Na raba wurin gida biyu. Wanda ke wajen raga, alama ce kawai a allo ba ƙara. Wanda ya tsallako, ƙararrawa da fitila.

Sai manyan motoci. Ranakun Litinin da Juma'a, da kasuwa ke ci, sukan kwana a ciki suna jiran lodi. Tirela ɗaya da aka ajiye a karkace tana yi wa radar inuwar da mutum goma za su ɓuya a ciki. Mun ja layin farin fenti a kan bulo, direbobi su jera motocinsu a tsaye daga yamma zuwa gabas, yadda radar ta ɗaya za ta riƙa leƙa tsakaninsu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Maigadin dattijo ne, ya daɗe a wurin. Tun da muka fara aiki yake gaishe ni da kyau, amma ba ya zuwa kusa da allon. Yau da na zauna shan shayi da shi ya fito da abin da ke ransa. Ya ce: “Ɗana, gaya mini gaskiya, in wannan abu ya zauna, ni sallamata za a yi?” Na ce: “Baba, ita ba ta da ƙafa ba ta da murya. Ta ce akwai mutum a gabas, to wa zai gane ko ɗan dako ne ya manta takalminsa ko baƙo ne? Ku ne.” Na kuma faɗi wannan maganar a gaban Alhaji da gangan, ya tabbatar masa da bakinsa.

Ya sake tambaya ko igiyar tana cutar da jiki, tunda a ƙarƙashinta yake kwana. Ƙarfin da irin waɗannan na'urori ke fitarwa bai wuce miliwat 100 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na wat, wayar salula da ke aljihunsa kuwa tana iya kai wat 2 in tana neman layi. Hankalinsa ya kwanta da wannan.

Na damu da dattijon nan fiye da yadda na damu da kowace na'ura a filin, domin aikin gaba ɗaya a kan yardarsa ya rataya. In ƙararrawa ta tashe shi sau biyar a dare ya fita bai ga kowa ba, a na shida ba zai fita ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Na ba shi littafi da biro: duk kukan da ta yi, ya rubuta lokaci da abin da ya tarar. Da ajami yake rubutawa, yaron aikina yana karanta mini.

Akwai kuma maƙwabcin kudu. Radar ba ta ɗaukar hoto, amma mun haɗa ta da kyamara mai juyawa wadda ke bin duk abin da radar ta nuna mata, kuma daga saman turke tana iya leƙa tsakar gidan mutane, inda iyali suke. Wannan ba abin wasa ba ne. Na kulle juyawarta kada ta wuce kan katanga, na kuma rufe ɓangaren da baƙin tambari a cikin saitinta. Muka je da Alhaji muka yi sallama da maigidan, muka gayyato shi ya zauna gaban allon, ya juya kyamarar da hannunsa iya ƙarfinsa. Gani ya kori ji. Ya yi mana addu'a ya tafi.

An kawo ragunan layya an ɗaure a filin. Na sa aka mayar da turkensu bayan ɗakin maigadi, na cire wurin daga taswira zuwa bayan Sallah, na rubuta ranar mayar da shi a jikin akwatin don kada a manta.

Asabar, 21 ga Yuni

Hadarin farko mai ƙarfi ya taso daga gabas, ƙura a gaba ruwa a baya. Turaku ba su motsa ba. Lokacin da ƙurar ta rufe kyamarori har ba a ganin mangaza, radar tana nan tana nuna kare guda da ke gudu zuwa ƙarƙashin tirela.

Littafin Baba ya nuna kuka tara a daren. Bakwai daga arewa: ragar waya tana kaɗawa, ledojin da iska ta manna mata suna fiffika. Mun ɗaure ragar da ƙarin turaku, aka tsince ledojin, kuma tsintar ta shiga aikin mai shara na kowace safiya. Biyu daga rassan bedin da ke kusa da ƙofa, an rage su.

Bayan ruwan, ƙwari masu fiffike suka taru a fitilar da ke kusa da radar ta biyu. Ƙwaro ƙarami ne, amma in yana tazarar tafin hannu daga fuskar na'urar, amsarsa babba ce. An matsar da fitilar mita 5.

Sandunan ƙasa na tsawa ma na sake auna su yanzu da ƙasa ta jiƙe. A rani rairayin nan ba ya karɓar wuta, awon yana tashi sosai. Masu aikin wuta a nan sukan zuba gawayi da gishiri a ramin. Gishirin yana saukar da awon, amma yana cin ƙarfen a hankali. Na fi son a ƙara sanduna a haɗa su, a nemi awon turjiyar ƙasa ga wuta ya sauka ƙasa da om 10, a sake aunawa a watan Maris lokacin da ƙasa ta fi bushewa.

Laraba, 16 ga Yuli

An ja kwantena. Mun maimaita gwajin rarrafe a gabas, babu inda alamar ta yanke. Ƙadangare yana hawa fuskar radar ta huɗu da hantsi. Mun sa wa turken kwalar roba mai santsi.

Talata, 12 ga Agusta

Agusta ta sauya filin. Ruwa yana kwanciya a kwarin da ke tsakanin mangaza biyu, in iska ta kaɗa shi ko ɗigo ya dake shi sai radar ta ga motsi, kuma fuskar ruwan tana mayar da igiya yadda kwano ke yi. Tun ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya yi ɓarna a garin nan Alhaji yake da niyyar yin magudana. Yanzu an haƙa ta, an cike kwarin da jar ƙasa. Ciyawa ma ta kai gwiwa a gefen arewa. Tana kaɗawa ta kawo kukan banza, ta kuma ɓoye mai rarrafe. Mun tsayar da cewa faɗin mita 5 daga katanga a riƙa nome shi duk mako biyu har kaka.

Babbar muhawarar watan nan a kan awaki ce. Jajayen awakin unguwa sun sami rami a ƙarƙashin raga suna shigowa cin zubabben wake. Guda ɗaya na'urar takan gane ƙaramar dabba ce ta yi shiru, amma in uku suka haɗu suna tafiya jiki da jiki sai ta ce mutum ne. Ɗan Alhaji, wanda ke riƙe da lissafin wurin, ya ce a rage mata ji kawai a huta. Na ƙi. Akuya da mutumin da ke rarrafe tsayinsu ɗaya a idon radar, gudunsu ma kusan ɗaya. Saitin da zai kawar da akuya, shi ne zai kawar da mutumin da aka sayi na'urar dominsa. Na ce a toshe ramin. An jera bulo layi biyu a gindin ragar daga farko har ƙarshe.

Abin da na yarda na taɓa shi ne jinkiri: sai abu ya yi daƙiƙa 2 yana motsi a cikin iyaka kafin ƙararrawa ta tashi. Ya nemi a kai 5. Mai gudun mita 5 a daƙiƙa zai ci mita 25 a wannan lokacin, daga katangar gabas zuwa ƙofar ƙaramar mangaza kuwa mita 22 ne. Da na auna masa da igiyar awo a gabansa, ya bar maganar.

Gawon da ke kusurwar arewa maso gabas bai ba mu wahala ba ko sau ɗaya, amma ban saki jiki da shi ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Ke nan duk gwajin da muka yi tun saukar ruwa, a kan bishiya marar ganye muka yi shi. Ba za a sare shi ba. Itace ne da doka ta kare, ko sassabe rassansa sai an nemi izinin ma'aikatan gandun daji. In ya cika ganye, radar ta huɗu ce za ta matsa.

Talata, 9 ga Satumba

Littafin Baba na mako biyun da suka wuce: kuka uku. Ɗaya mage a kan buhuna, ɗaya direban da ya fito kama ruwa, ɗaya kuma wani ne ya tsaya jikin raga wajen ƙarfe 3 na dare, ya ɗora hannu, fitila ta kama, ya juya. Baba ya ce kafin fitilar ta kama ya riga ya miƙe, domin ya ga alamar tun mutumin yana kan hanyar ƙafa. Yanzu shi ke nuna wa mai canjinsa yadda ake karanta allon.

Geron gonakin gabas ya fi katanga tsayi, kansa yana kaɗawa a gefen ganin radar ta uku, don haka na ja iyakarta baya zuwa kan katangar har a yi girbi. Da kaka kuma buhuna za su fi ƙarfin mangaza, a tara su a waje a rufe da tamfol. Tarin buhu bango ne a wajen radar. Na auna wuri biyu a tsakiyar fili inda inuwarsu za ta faɗa kan gini maimakon kan hanya, ranar Asabar za mu shata su da fenti tare da shugaban ƴan dako. Gwajin tafiya na gaba sai tarin farko ya tashi, wani kuma a Disamba, in gawo ya rufe kuma hazo ya sauka.